Yadda Maitokondiriya Ke Haɗa Abinci da Numfashi Su Zama Ƙarfin Jiki

Mutum mai lafiya yana iya yin kwanaki masu yawa bai sa komai a bakinsa ba, muddin yana samun ruwan sha, amma idan numfashinsa ya yanke, ƙwaƙwalwarsa kan fara lalacewa cikin mintuna kaɗan. Kowa ya san wannan, sai dai ba kowa ba ne ya taɓa tambayar inda iskar oksijin da muke shaƙa take zuwa, da kuma aikin da take yi wanda ya sa jiki ba ya iya jure rashinta. Amsar da aka saba bayarwa ita ce huhu yana karɓar ta, jini kuma yana rarraba ta, amma wannan bayanin hanyar da take bi ne kawai. Wajen kashi 90 cikin ɗari na oksijin ɗin yana ƙarewa ne a cikin maitokondiriya, wasu ƙananan sassa da ke cikin ƙwayoyin halittar jikinmu, waɗanda tsawon yawancinsu bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na milimita ba.

Ƙwayar halitta ba ta iya amfani da sukarin da ke cikin jini kai tsaye wajen motsa tsoka ko aika saƙo ta jijiya. Abin da take amfani da shi wani sinadari ne da ake kira ATP, wanda Karl Lohmann ya gano a Jamus a shekarar 1929. Yana ɗauke da fosfet guda uku a jere, kuma idan aka ɓalle na ƙarshe, sinadarin ya koma ADP, sai ƙarfi ya fito wanda ƙwayar halitta za ta yi aiki da shi. Jiki ba ya tara ATP. Dukkan wanda ke jikin babban mutum a kowane lokaci bai kai kwatan kilo ba, amma abin da yake kashewa a rana ɗaya ya kusan kai nauyin jikinsa gaba ɗaya. Hakan yana yiwuwa ne domin ana mayar da fosfet ɗin da aka ɓalle mazauninsa nan take, a sake ɓalle shi, a sake mayarwa, sau ɗaruruwa a yini. Wannan aikin mayarwa, idan ya dogara da oksijin, shi ne masana suke kira oksidetif fosforileshan, kuma da zarar ya tsaya, babu wata ajiya da za ta riƙe ƙwaƙwalwa ko zuciya na tsawon lokaci.

Maitokondiriya tana da tantani biyu. Na waje yana da ƙofofi masu faɗi waɗanda ƙananan sinadarai ke ratsawa yadda suka ga dama. Na ciki kuwa a rufe yake ruf, ba abin da ke tsallaka shi sai ta ƙofar da aka tanada masa musamman, kuma a ninke yake ninki-ninki domin faɗinsa ya ƙaru, kamar yadda George Palade ya nuna a farkon shekarun 1950 da madubin ƙara girma mai aiki da ilektiron, wato 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu ɗauke da cajin lantarki. Ke nan akwai wurare biyu, ɗakin ciki da kuma ratar da ke tsakanin tantanin biyu. Yawan maitokondiriya yana tafiya ne da yawan aikin gaɓa: a tsokar zuciya sun cika kusan kashi ɗaya cikin uku na kowace ƙwaya, yayin da jajayen ƙwayoyin jini ba su da ko guda, saboda haka ba sa taɓa oksijin ɗin da suke dakonsa.

Abin da ke faruwa da abinci kafin ya iso tantanin ciki ba zan daɗe a kansa ba. Ana fasa gulukos, wato sukarin da ke cikin jini, gida biyu a wajen maitokondiriya, inda ake samun ATP biyu kacal, sannan a shigar da gutsuren ɗakin ciki, ya haɗu da abin da ya fito daga kitse, duka su shiga zagayen da Hans Krebs ya bayyana a 1937. A nan ake kwance su ɗaya bayan ɗaya, kabon ɗinsu ya fita a matsayin kabon dayoksaid, ilektiron ɗinsu kuma a ɗora wa wasu sinadarai biyu masu dako, NADH da FADH2. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, amfanin abinci a wannan mataki ya koma ilektiron masu ɗauke da ƙarfi. Akwai wani kuskure da ya yaɗu cewa oksijin ɗin da muka shaƙa shi ne yake komawa kabon dayoksaid ɗin da muke fitarwa. Ba haka ba ne. Oksijin ɗin numfashi ruwa yake zama, kuma jiki yana samar da kimanin kofi ɗaya na ruwa ta wannan hanya a kowace rana.

A cikin tantanin ciki akwai manyan rukunan furotin guda huɗu. NADH yana miƙa ilektiron biyu ga rukuni na ɗaya, wanda shi ne mafi girma, domin a jikin ɗan'adam ya ƙunshi sassa 45. Daga nan wani sinadari mai yawo a cikin maiƙon tantanin, yubikwinon, yana kai su rukuni na uku, sannan wani ƙaramin furotin mai suna saitokurom c ya kwashe su ɗaya-ɗaya zuwa rukuni na huɗu. Rukuni na biyu wata ƙofa ce ta gefe da ilektiron ɗin FADH2 ke shiga ta cikinta, kuma da yake sun tsallake rukuni na ɗaya, abin da ake samu daga gare su bai kai na NADH ba. Kowane mai karɓa a wannan jeri ya fi wanda ya gabace shi kwaɗayin ilektiron, oksijin kuma ya fi su duka, shi ya sa yake zaune a ƙarshe. David Keilin ne ya fara fahimtar wannan jeri a Kambirij a 1925, lokacin da ya lura da yadda launin saitokurom ke canzawa a tsokar fikafikan ƙwari gwargwadon samun iska ko rashinta. Rukuni na huɗu yana riƙe oksijin tsakanin ƙwayar ƙarfe da ta tagulla, ba ya sakin sa sai ya cika masa ilektiron huɗu ya zama ruwa, domin oksijin da ya karɓi ɗaya ko biyu kawai sinadari ne mai ɓarna. Duk da wannan taka-tsantsan, kaɗan daga cikin ilektiron suna zillewa daga rukuni na ɗaya da na uku su faɗa wa oksijin kafin lokaci, kuma ƙwayar halitta tana da inzayim na musamman, wato furotin masu hanzarta sauyin sinadarai, waɗanda ke share abin da hakan ke haifarwa.

Zuwa ƙarshen shekarun 1940, Eugene Kennedy da Albert Lehninger sun riga sun tabbatar cewa a cikin maitokondiriya ake wannan aiki. Abin da ya gagara shi ne gano yadda wucewar ilektiron ke haddasa ɗaura fosfet a kan ADP. Manyan masana na lokacin sun yi imani cewa dole akwai wani sinadari na tsakani mai karɓar ƙarfin daga jerin ya miƙa shi, domin haka abin yake a wajen fasa gulukos. An shafe fiye da shekara goma ana neman sa a manyan ɗakunan bincike, an sha shelar cewa an gano shi, daga baya a ga ba shi ba ne. Akwai kuma wata alama da ta daɗe tana damun su ba su ɗauke ta da muhimmanci ba: duk lokacin da aka yayyaga tantanin ciki, ilektiron suna ci gaba da wucewa, ana ci gaba da cin oksijin, amma ATP ba ya samuwa.

A 1961 Peter Mitchell, wanda a lokacin yake Jami'ar Edinbura, ya wallafa wata maƙala a mujallar Nature yana cewa babu wani sinadari na tsakani. A cewarsa, rukunan suna amfani da ƙarfin ilektiron ne wajen tura firoton, wato ƙwayar haidirojin da ta rasa ilektiron ɗinta, daga ɗakin ciki zuwa waje, kuma bambancin da ke samuwa tsakanin ɓangarorin tantanin shi ne ma'ajiyar ƙarfin. Kusan babu wanda ya yarda da shi. Gyambon ciki ya tilasta masa barin jami'a a 1963, sai ya koma yankin Konwal a kudu maso yammacin Ingila, ya gyara wani tsohon gida mai suna Glynn da dukiyar gidansu, ya mayar da shi ɗakin bincike, inda shi da abokiyar aikinsa Jennifer Moyle suka yi ta auna fitar firoton daga maitokondiriyar hantar ɓera. A ganina ba a cika ba Moyle haƙƙinta ba idan ana ba da wannan tarihi, alhali kuwa yawancin awon da ya tsayar da ra'ayin da ƙafafunsa da hannunta aka yi shi.

Wanda ya san yadda madatsar ruwa ta Kainji ke samar da lantarki zai fahimci Mitchell cikin sauƙi. Ƙarfin yana cikin bambancin tsawon ruwan da ke bayan bango da wanda ke gabansa, kuma ba a cin moriyarsa sai ruwan ya bi ta hanya ɗaya da aka buɗe masa ya juya injin. Idan bangon ya tsage, ruwa zai wuce, amma lantarki ba zai samu ba, kuma wannan shi ne bayanin abin da ake gani idan aka yaga tantani. Inda suka bambanta shi ne Kogin Kwara da kansa yake cika Kainji, a maitokondiriya kuwa sai an yi aiki an tura firoton zuwa ɓangaren da suka fi yawa. A kan kowane NADH, rukuni na ɗaya yana tura huɗu, na uku huɗu, na huɗu biyu, jimla goma. Da yake firoton yana ɗauke da cajin lantarki, fitarsa tana haifar da bambancin milibolt 150 zuwa 180 tsakanin ciki da waje. Adadin ƙarami ne a ido, amma kaurin tantanin bai wuce kashi biyar cikin miliyan na milimita ba, don haka idan aka yi lissafi a kan mita ɗaya, ya kai kimanin bolt miliyan 30.

Gwaje-gwaje biyu ne suka fi karya lagon masu musu. A 1966 André Jagendorf da Ernest Uribe a Amurka sun ɗauki tantanin da ke cikin koren ganye, wanda shi ma yake haɗa ATP amma da hasken rana, suka jiƙa shi a ruwa mai tsami da ke kan ma'aunin pH 4 har cikinsa ya cika da firoton, sannan suka juye shi farat ɗaya cikin ruwa marar tsami mai pH 8 wanda aka zuba wa ADP da fosfet. Duk a cikin duhu aka yi wannan, babu haske, babu wucewar ilektiron, amma ATP ya samu. A 1974 kuma Efraim Racker da Walther Stoeckenius sun ƙera 'yan ƙananan jakunkuna na maiƙo, suka dasa musu wani furotin na bakteriya mai tura firoton idan haske ya taɓa shi, tare da inzayim mai haɗa ATP da suka ciro daga zuciyar saniya. Halittun biyu ba abin da ya haɗa su, kuma babu rukuni ko ɗaya na jerin ilektiron a cikin jakar, amma da aka haska ta sai ATP ya fito. A 1978 aka ba Mitchell kyautar Nobel a fannin kimiyyar sinadarai, shi kaɗai.

Saura bayanin yadda komowar firoton ke haɗa ATP, kuma a nan ne na fi ganin abin al'ajabi. Inzayim ɗin da ke wannan aiki yana da ɓangare biyu. Ɗaya yana nutse a cikin tantani, zobe ne na ƙananan sassa masu kama da juna, kuma kowane firoton da zai koma ciki sai ya hau ɗaya daga cikinsu, zoben ya matsa taki ɗaya, ya zagaya da shi kafin ya sauke shi a ɗakin ciki. A jikin zoben akwai wata sanda mai ɗan lanƙwasa da ta shige tsakiyar ɓangare na biyu, wanda yake da gurabe uku na haɗa ATP. Yayin da sandar ke juyawa tana matsa guraben bi da bi, ɗaya yana karɓar ADP da fosfet, na biyu yana matse su su haɗu, na uku yana buɗewa ya saki ATP. Paul Boyer ne ya kawo wannan bayani, kuma shi ne ya gano cewa haɗa ATP ɗin a cikin gurbi ba shi ne ke cin ƙarfi ba, sakinsa ne. John Walker da abokan aikinsa a Kambirij sun fito da siffar ɓangaren a 1994, suka ga guraben uku kowanne a yanayi dabam, kamar yadda Boyer ya yi hasashe, kuma su biyun sun sami Nobel a 1997.

A wannan shekarar ta 1997 ce wasu masana a Japan, Hiroyuki Noji da Ryohei Yasuda da Masasuke Yoshida da Kazuhiko Kinosita, suka nuna juyawar ƙuru-ƙuru. Sun manna ɓangaren mai gurabe uku a kan gilashi, suka ɗaura wa kan sandar wani dogon zaren furotin mai ƙyalli wanda ake iya gani a madubin ƙara girma, sannan suka zuba ATP. Zaren ya kama juyawa ta fuska ɗaya ba tsayawa. Da suka rage yawan ATP a gwajin da ya biyo baya, sai aka ga yana tafiya taki-taki, kowane taki kashi ɗaya cikin uku na da'ira. A wannan gwaji inzayim ɗin baibai yake aiki, yana fasa ATP yana juyawa, amma a 2004 aka ɗaura wa sandar ƙwayar da maganaɗisu ke ja, aka juya ta ɗaya fuskar da ƙarfi, sai ga ATP yana haɗuwa. A cikin jiki yana iya juyawa fiye da sau ɗari a daƙiƙa ɗaya.

Daga nan ne ake gane cewa adadin 36 ko 38 da har yanzu ake haddacewa a makarantu da yawa a matsayin ATP ɗin da gulukos ɗaya ke bayarwa ya tsufa. An gina shi ne a kan zaton cewa kowane NADH yana ba da uku cif, kowane FADH2 kuma biyu. Amma zoben inzayim ɗin dabbobi masu shayarwa sassa takwas gare shi, wato firoton takwas ne ke kawo juyi ɗaya mai ba da ATP uku, kuma ana kashe ƙarin firoton ɗaya a kan kowane ATP wajen shigo da fosfet da ADP da fitar da wanda aka gama. Idan aka raba goma da wannan, abin da ke fitowa bai kai uku ba. Littattafan zamani suna ɗaukar biyu da rabi ga NADH, ɗaya da rabi ga FADH2, jimla 30 zuwa 32. Ba na ganin laifin malamin da ya koyar da abin da ke cikin manhaja, amma ɗalibin da ya gane dalilin da ya sa adadin ba ya fita cif ya fi wanda ya haddace 38 fahimtar darasin nesa ba kusa ba.

Idan firoton suka sami wata hanyar komawa ciki ba ta inzayim ɗin ba, ƙarfinsu zafi yake zama. Jiki yana yin haka da gangan a wani nau'in kitse mai launin ƙasa-ƙasa da jarirai ke da shi a tsakanin kafaɗu da wuya, inda wani furotin mai suna UCP1 ke buɗe wa firoton ƙofa, domin jariri sabon haihuwa bai iya ɗumama kansa da karkarwa yadda babba ke yi ba. Sinadarin DNP ma haka yake yi, sai dai shi ba shi da linzami. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya an lura cewa ma'aikatan masana'antun harsasai a Faransa da ke taɓa shi suna ramewa suna zufa, wasu har suna mutuwa da zazzaɓi mai tsanani. A 1933 wasu likitoci a Jami'ar Stanford suka gabatar da shi a matsayin maganin rage ƙiba, kuma lalle yana ragewa, domin jiki yana ta cinye kitse ba ya samun isasshen ATP, amma ya jawo wa mutane da yawa yanar ido, ya kuma kashe wasu, har aka hana shi a Amurka a 1938. Har yau ana sayar da shi a ɓoye ta intanet.

Gubar sayanaid kuwa ta wata fuska take ɓarna. Tana kama ƙarfen da ke cikin rukuni na huɗu ta hana oksijin zama, sai dukkan jerin ya cushe da ilektiron, turin firoton ya tsaya. Huhu yana aiki, jini cike yake da oksijin, amma ƙwayoyin halitta ba sa iya amfani da shi, shi ya sa jinin da ke komawa zuciya yake fitowa ja wur maimakon ya yi duhu kamar yadda ya saba. Wannan guba ba baƙuwa ba ce a gonakinmu. Makiyaya sun daɗe da sanin cewa gyauron dawa, ko ƙaramar dawar da fari ya kama, na iya kayar da saniya cikin ɗan lokaci, kuma dalili shi ne ɗanyen ganyen yana ɗauke da sinadarin da ke sakin sayanaid a tumbin dabbar. Rogo mai ɗaci ma haka yake. Masu yin garin rogo da suke gurza shi, su ɗura a buhu, su danne da dutse ko katako na kwanaki yana tsiyaye ruwa yana tsami, sannan su soya a babban kasko, gubar suke kora: gurzawa tana haɗa sinadarin da inzayim ɗin da ke fasa shi, matsewa da zafin wuta kuma suna fitar da abin da ya fasu. Idan yunwa ko gaggawar kai kaya kasuwa ta sa aka taƙaita kwanakin, saura yana zama a cikin garin.

Ɗan abin da ya shiga jiki, hanta tana iya kashe kaifinsa da wani inzayim da ke zaune a cikin maitokondiriya kanta, amma aikin yana buƙatar sinadarin salfa wanda ake samu daga abinci mai gina jiki kamar wake da nama da ƙwai. Saboda haka cutar ta fi kama matalautan da rogo ne abincinsu safe da dare. Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan ya yi bincike a shekarun 1960 a kan wata cutar jijiya mai lalata tafiya da gani da ji a kudu maso yammacin Nijeriya, ya danganta ta da daɗewa ana cin rogon da ba a sarrafa da kyau ba, kuma cutar shanyewar ƙafafu da ake kira konzo, wadda ta ɓarke a arewacin Mozambik lokacin farin 1981, ita ma da rogo mai ɗaci aka alaƙanta ta.

Wannan rauni na jerin ilektiron likitoci ma suna amfani da shi a kan ƙwayoyin cuta, da sharaɗin a sami wurin da nasu ya bambanta da namu. Maganin atobakwon, wanda ake haɗawa da furogwanil domin zazzaɓin cizon sauro, yana toshe rukuni na uku a maitokondiriyar ƙwayar cutar, ya bar na ɗan'adam yana aiki. Ƙwayar tarin tibi kuwa bakteriya ce, ba ta da maitokondiriya, amma tana da irin wannan inzayim mai juyawa a tantaninta, wanda ba abin mamaki ba ne idan aka tuna cewa masana, tun bayan aikin Lynn Margulis na 1967, sun tafi a kan cewa asalin maitokondiriya bakteriya ce da ta zauna a cikin wata ƙwayar halitta, kuma har yanzu tana riƙe da ɗan guntun DNA nata mai ƙwayoyin gado 37 da ake gada daga uwa kaɗai. Maganin bedakwilin, wanda aka amince da shi a Amurka a ƙarshen 2012, yana maƙalewa ne a zoben inzayim ɗin ƙwayar tibi ya hana shi juyawa, kuma a yau yana cikin manyan magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi amfani da su a kan tibin da ya bijire wa magungunan da aka saba.